Me ake ta gyarawa a manhajojin wiki da na kundin jagora?

A watan Yulin 2013 Gidauniyar Wikimedia ta kunna wa masu gyara Wikipedia ta Turanci wani sabon abin rubutu mai suna VisualEditor. Niyyar ba ta da aibi. Ana so mutum ya buɗe shafi ya gyara shi yadda yake ganinsa, kan magana ya fito a matsayin kan magana, hoto ya fito a matsayin hoto, maimakon tarin baka da alamomin da sai wanda ya koya yake gane su. Amma tsofaffin masu gyara suka tayar da ƙayar baya. Suka ce abin yana da nauyi, yana ɓata shafuka, yana cusa tarkace a wuraren da mai gyara bai ko taɓa ba. Zuwa watan Satumba an janye shi, ya koma sai wanda ya nema da kansa. Bayan shekara bakwai, a 2020, wannan abin da aka yi wa ihu ya shigo cikin ƙunshin siga ta 1.35 ta MediaWiki, manhajar da Wikipedia take gudana a kanta, duk wanda ya sauke manhajar ya same shi a ciki, kuma ba a ji wata hayaniya ba.

Na fara da wannan labari ne saboda kusan duk rigimar tana cikinsa. Idan ka karanta sanarwar da masu waɗannan manhajoji suke fitarwa duk lokacin da suka saki sabuwar siga, za ka ga abubuwa barkatai: an ƙara kaza, an gyara kaza, an cire kaza. In ka natsu ka duba, yawancinsu igiya ɗaya suke ja. A gefe guda ana so rubutu ya yi sauƙi har wanda ya shigo yau ya iya sa hannu. A ɗaya gefen ana so rubutun ya zauna a siffar da za a iya bin diddiginta, a san wa ya canza me kuma yaushe, a kuma iya kwashe shi zuwa wani wuri ko bayan shekara ashirin. Gyaran da ya samu hanyar biya wa ɓangarorin biyu shi ne yake zama. Wanda ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya, yawanci ba ya nisan kwana.

Kafin mu yi nisa, bari a warware kalmomi. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, da lasisin da ya ba kowa damar karantawa, ya canza, ya rarraba. Wiki kuwa shafin intanet ne da masu karatunsa suke iya gyarawa, yana kuma adana kowane gyara. Ward Cunningham ne ya buɗe na farko a watan Maris na 1995, ya aro sunan daga harshen mutanen Hawai, inda kalmar take nufin sauri. Kundin jagora shi ne rubutun da yake raka manhaja ko na'ura ko aikin ma'aikata, yana bayyana yadda ake kafawa da yadda ake amfani da kuma abin yi idan abu ya lalace. A da ana ɗaukar su sana'o'i biyu ne daban. Yanzu sun shiga gonar juna, har da wuya ka ce ga inda iyakar take.

Me ya sa VisualEditor ya sha wahala haka? Amsar tana cikin tarihin salon rubutun wiki kansa. Da Wikipedia ta fara a watan Janairun 2001, a kan wata ƙaramar manhaja take, UseModWiki. A 2002 aka koma kan wata sabuwa da Magnus Manske ya rubuta mata, Lee Daniel Crocker ya sake rubuta ta, a 2003 aka raɗa mata suna MediaWiki. A duk wannan tafiya babu wanda ya zauna ya tsara wa salon rubutun nahawu. Ana buƙatar baƙin rubutu mai kauri, sai aka ce a sa waƙafin sama uku a kowane gefen kalma. Ana buƙatar mahaɗi zuwa wani shafi, sai aka ce a sa baka mai kusurwa biyu-biyu. Aka zo aka ƙara jadawali, aka ƙara samfuri, wato gutsuren rubutu da ake ajiyewa wuri ɗaya ana kiransa a dubban shafuka. Abin ya yi ta tsiro kamar unguwar da ba a yanka mata tituna ba. Har ta kai samfuri ɗaya yana iya buɗe jadawali, wani samfurin daban can ƙasa ya rufe shi.

To ga inda gizo yake saƙar. Abin rubutu na gani-da-ido dole ya karanta wannan rubutu, ya mayar da shi shafin da mutum zai gani, mutum ya yi gyaransa, sannan a sake mayar da shi salon wiki a adana. Tafiya ce da dawowa. Matsalar ita ce abu ɗaya ana iya rubuta shi ta hanyoyi da yawa: wani ya bar fili bayan alamar kan magana, wani bai bari ba, kuma duk biyun daidai suke fitowa a idon mai karatu. Idan manhaja ta dawo da shafin gaba ɗaya a irin nata tsarin, mutumin da ya gyara harafi ɗaya zai bayyana a tarihin shafi kamar ya taɓa layi ɗari. Wanda yake sintiri yana neman masu ɓarna ba zai iya tantance abin da aka canza da gaske ba. Ga wiki wannan ba ƙaramar illa ba ce, domin amanar da aka ba kowa ya gyara ta dogara ne a kan cewa kowa yana iya ganin abin da aka gyara.

Maganin ya zo ne daga wata manhaja da mai karatu ba ya taɓa gani, Parsoid. Dabararta ita ce ta riƙe lissafin inda kowane ɓangare na shafi ya fito a asalin rubutu, ta yadda in an zo adanawa, iya inda aka taɓa kawai za ta sake rubutawa, sauran ta bar kaza cikin gashinta. Da farko an rubuta ta da yaren JavaScript, kuma sai ka kafa mata tata hidimar daban a saba, wato kwamfutar da take ɗauke da shafin, abin da ya gagari ƙananan ƙungiyoyi da yawa masu wiki nasu na kansu. Sake rubuta ta da PHP, yaren da MediaWiki take ciki, shi ne ya sa aka iya ƙunshe ta a siga ta 1.35. A ganina wannan aikin, wanda babu hoton allo da za a iya tallata shi da shi, ya fi duk wani sabon launi da aka yi wa shafukan muhimmanci. Yanzu a hankali ana mayar da Parsoid ta zama ita ce mai fitar da shafin da ake karantawa ma, don a huta da riƙon injina biyu masu fassara rubutu ɗaya.

A kan wannan tushe aka ɗora wasu abubuwa masu sauƙaƙa wa sabon shiga. Akwai Citoid, wanda za ka liƙa masa adireshin shafi ko lambar littafi ya tsara maka madogara da kansa. Akwai tunatarwar da take fitowa idan ka ƙara sakin layi babu madogara. Shafukan tattaunawa su ma sun samu sauƙi. Shekara da shekaru, in za ka ba wani amsa sai ka ƙirga ɗigo biyu-biyun da ya sa a farkon layinsa ka ƙara ɗaya, ka kuma sa hannu da wata alama sau huɗu. An taɓa ƙoƙarin rushe wannan tsari gaba ɗaya da wani abu mai suna Flow, bai samu karɓuwa ba. Wanda ya yi nasara shi ne DiscussionTools, wanda ya sa maɓallin amsa a ƙarshen kowane jawabi, amma a ƙarƙashi tsohon salon nan yake rubutawa, ɗigo da sa hannu da komai. Tsoho bai rasa abin da ya saba ba, sabo kuma bai san ana ƙirga ɗigo ba.

Masu rubuta kundin jagorar manhajoji sun bi wata hanya daban. Su suka ce, tunda matsalar ita ce bin diddigi, a ɗauki rubutun bayani kamar yadda ake ɗaukar rubutun manhaja: fayil-fayil na zallar rubutu, a ajiye su a Git, tsarin adana tarihin canje-canje da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Salon da ya fi yaɗuwa shi ne Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004. Daga nan sai wata manhaja ta ɗauki fayilolin ta gina shafin intanet da su. Sphinx, wadda Georg Brandl ya rubuta a 2008 don kundin yaren Python, tana cikin na farko. Read the Docs ta zo a 2010 tana ginawa tana kuma ɗaukar nauyin ajiye kundayen buɗaɗɗun manhajoji kyauta. MkDocs ta biyo baya a 2014, Docusaurus ta kamfanin Facebook a 2017.

Ci gaban da ya fi burge ni a wannan ɓangare shi ne wanda yake yaƙi da tsufan rubutu. Babbar cutar kundin jagora ita ce ya yi ƙarya ba da gangan ba: an canza manhaja, an manta da bayaninta, mai karatu ya bi umarni daki-daki abu ya ƙi. Saboda haka aka fito da hanyar gwada misalan da ke cikin rubutu. A Python akwai doctest, a yaren Rust kuma misalan da aka sa a bayani ana gudanar da su tare da sauran gwaje-gwaje, in misali ya daina aiki sai gwajin ya faɗi, a san akwai gyara. Sphinx tana iya bin duk mahaɗan da ke cikin kundi ta faɗi waɗanda suka mutu. Akwai kuma ajiye kundi siga-siga, yadda mai amfani da tsohuwar manhaja zai karanta bayanin da ya dace da tasa. Zane ma an mayar da shi rubutu: da Mermaid za ka rubuta cewa wannan akwati yana nuna wancan, ita ta zana, kuma GitHub, shafin da ake ajiye ma'ajiyoyin Git, ta fara nuna irin wannan zane kai tsaye a 2022. Amfanin a fili yake. Hoton da aka zana aka liƙa, in wanda ya zana ya bar aiki, shi ke nan ba mai iya taɓa shi. Zanen da yake rubutu ne kowa zai iya canza kalma ɗaya a ciki.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Wannan hanya ta dawo da katangar da wiki ya zo rushewa, domin wanda ya ga kuskuren harafi sai ya san Git kafin ya gyara, ko aƙalla ya buɗe asusu ya tura buƙata ya jira a duba. Sannan Markdown ɗin da ake yaba wa sauƙi ya rarrabu kare-kare. A 2014 aka fito da CommonMark don a daidaita ƙa'ida, amma kowace manhaja tana ƙara nata gishirin a kai. Docusaurus tana amfani da MDX, wanda yake barin a cusa JavaScript a tsakiyar rubutu. Da aka saki siga ta 3 a 2023, sabon MDX ɗin ya fi tsanani, wasu alamomin da a da ake rubutawa ba matsala suka zama kuskure, masu kundaye suka koma bin shafuka suna gyarawa. Iya yawan ƙarfin da ka ba fayil, iya yadda ka ɗaure shi da manhaja ɗaya.

Tsakanin waɗannan sansanoni biyu akwai masu neman tsaka-tsaki. DokuWiki, wadda Andreas Gohr ya fara a 2004, ba ta buƙatar rumbun bayanai ko kaɗan, kowane shafi fayil ne na zallar rubutu, in ka kwafe jakar ka kwashe komai. Wiki.js tana ba ka abin rubutu a burauza amma tana iya daidaita shafukan da ma'ajiyar Git. BookStack ta lura cewa mutane da yawa ɓacewa suke yi a wiki marar tsari, sai ta tilasta jeri irin wanda kowa ya sani: kanta, littafi, babi, shafi.

Abin da ake yawan roƙo a 'yan shekarun nan shi ne rubutu tare a lokaci guda, mutum uku ko biyar a shafi ɗaya kowa yana ganin alƙalamin ɗan uwansa. A tsohon tsari, idan mutum biyu suka buɗe shafi ɗaya, wanda ya riga adanawa ya ci, na biyu ya gamu da saƙon karon gyara. Etherpad, wadda Google ta saya ta kuma buɗe tushenta a ƙarshen 2009, ta nuna cewa buɗaɗɗiyar manhaja ma za ta iya. Daga baya aka samu wata dabarar lissafi da ake kira CRDT, inda kowane harafi yake da shaida tasa ta daban, yadda ko a wane jeri canje-canje suka iso wa kwamfutoci, a ƙarshe duk rubutu ɗaya za su nuna. Yjs ita ce fitacciyar manhajar da ke wannan aiki, kuma a kanta aka gina Docs, wadda hukumomin gwamnatin Faransa da na Jamus suka haɗa hannu a kai. To me ya hana Wikipedia kunna irin wannan? Ban da wahalar fasaha, akwai tambayar da ba lissafi ne zai amsa ta ba. Lasisin rubutunta ya wajabta a danganta aiki ga mai shi, tarihin shafi kuma an gina shi a kan gyara ɗaya mutum ɗaya. In mutum biyar suka cakuɗa jimla ɗaya, aka samu ƙage a ciki, wa za a kama? A takardar taron ofis wannan ba komai ba ne. A kundin da duniya take karantawa, magana ce babba.

Wani canjin da ya taɓa wannan batu na suna shi ne asusun wucin gadi. Tun farkon Wikipedia, wanda ya yi gyara bai shiga asusu ba, adireshin IP ɗinsa ne yake fitowa a tarihi kowa ya gani, alhali da shi ana iya ƙiyasta garin da mutum yake ko ma'aikatar da yake aiki. Daga 2024 zuwa 2025 aka bi shafukan Wikimedia ana maye gurbinsa da suna na wucin gadi, mai farawa da shekara da wasu lambobi, wanda yake ƙarewa bayan kwana 90. Adireshin yana nan, amma sai masu izini ne suke ganinsa don farautar masu ɓarna.

Game da kwalliya ba zan daɗe ba. Sabuwar fuskar Vector 2022 ta zama ta kowa a Wikipedia ta Turanci a watan Janairun 2023, ta rage faɗin layi, ta mayar da jerin abubuwan da ke ciki gefe, aka kuma yi ta cece-kuce kamar kullum. Yanayin duhu ya zo a 2024. Abin lura kawai shi ne dalilin jinkirinsa: shekara ashirin masu gyara suna rubuta launi kai tsaye a cikin samfura da jadawali, da aka juya bango ya koma baƙi sai wasu rubuce-rubucen suka ɓace. Bashin jiya ne ake biya.

Akwai kuma gyare-gyaren da ba son rai ne ya kawo su ba. Kowace manhaja a kan wasu manhajojin take tsaye, in ƙasa ta motsa dole ta motsa. A watan Janairun 2021 kamfanin Elastic ya canza lasisin injin bincikensa, wanda Wikimedia take amfani da shi a lokacin, Amazon ta ɗauki tsohuwar sigar ta ci gaba da ita da sunan OpenSearch, Wikimedia kuma, wadda ƙa'idarta ita ce gudanar da shafukanta a kan buɗaɗɗun manhajoji, daga baya ta koma can. A 2024 abin rubutun TinyMCE, wanda BookStack take amfani da shi, ya sauya lasisi, sai BookStack ta shiga aikin gina nata a kan wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Lexical. A watan Afrilun 2023 aka kashe manhajar ƙari ta Graph a shafukan Wikimedia saboda wata kafar tsaro da aka gano, zane-zanen alƙaluma suka ɓace daga shafuka masu yawa, magajiyarta Chart ba ta yaɗu ba sai wajajen 2025, kuma tsofaffin zanen sai an sake tsara su kafin su fito. Ta ɗaya ɓangaren, da kamfanin Atlassian ya daina tallafa wa sigar Confluence, manhajarsa ta wiki ta kuɗi, da ake kafawa a sabar gida a ranar 15 ga Fabrairun 2024, ma'aikatu da dama suka fara neman mafita, abin da ya sa kayan kwaso shafuka daga Confluence suka zama abin da buɗaɗɗun manhajojin wiki irin su XWiki suke tallatawa. Shi ya sa ni in zan auna manhajar wiki, ƙofar fita nake fara dubawa kafin ta shiga: in na gaji da ita, a wace siffa za ta ba ni rubutuna? Sai kuma tsawon tallafi. MediaWiki tana sakin siga sau biyu a shekara, amma duk shekara biyu akwai mai dogon tallafi ta shekara uku, irin su 1.35 da 1.39 da 1.43, kuma ƙaramar ƙungiya marar ma'aikacin kwamfuta na dindindin gara ta bi waɗannan.

Sai batun ƙirƙirarriyar basira, wanda ya shigo ta ƙofa biyu. Ta gaba, ana ta maƙala akwatin tambaya a kundayen jagora, ka yi tambaya ya ba ka amsa daga abin da ke rubuce. Yana taimakawa in kundin yana da kyau, in kuwa ya tsufa, sai ya maimaita maka tsohuwar ƙaryar da cikakkiyar murya. A watan Yunin 2025 Wikimedia ta sanar da gwajin sa taƙaitawar da inji ya rubuta a saman maƙaloli, masu gyara suka yi ca, nan da nan aka dakatar. Dalilinsu ya yi kama da na 2013: rubutu ne a kan shafinsu wanda ba shi da tarihi, ba shi da mai shi, ba kuma su da hanyar gyara shi.

Ta ƙofar baya kuwa, manhajojin da ke yashe intanet don tara abin horar da injina sun zama kaya. Read the Docs ta bayyana cewa guda ɗaya daga cikinsu ta sauke terabait 73 a watan Mayun 2024, abin da ya jawo mata asarar sama da dala 5,000. A watan Afrilun 2025 Wikimedia ta ce nauyin sauke hotuna da bidiyo daga wurinta ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari tun Janairun 2024, kuma aƙalla kashi 65 na zirga-zirgar da ta fi cin kuɗi daga irin waɗannan manhajoji take. Wiki ya fi kowa jin jiki a nan saboda yadda aka gina shi. Mutane shafuka kaɗan suke rububi, waɗannan kuma an ajiye kwafinsu a kusa, ba wuya a miƙa. Manhajar yasa kuwa ba ta zaɓe. Tana bin kowane mahaɗi, har tsofaffin sigogin shafi da shafukan kwatanta gyara da gyara, waɗanda sai saba ta yi lissafi sabo kafin ta fitar da kowanne. Tarihin nan da aka sha wahalar karewa shi ne ya zama wurin da ake tatsar ta.

Daga cikin martanin da ya yaɗu a 2025 akwai Anubis, wata buɗaɗɗiyar manhaja da take tare baƙo a ƙofa ta ba burauzarsa ɗan lissafi ta warware kafin a buɗe masa shafi. Ga mutum ɗaya jiran 'yan daƙiƙu ne, ga mai neman shafi miliyan tsada ce. Amma mai tsohuwar waya shi ma yana biyan wannan haraji, jiransa ya fi na kowa tsawo, kuma a kan shafin da aka rubuta tun farko don ya karanta kyauta.